Turmi Na Takwas

Saura sati uku cif a ɗaura wa Kadijatu aure da Malam Abdulsalam, ranar da Gwaggo Barira ta tako har ofis, ta zauna a bencin masu kawo ƙara, ta miƙe ƙafa kamar a tsakar gidanta take.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a bayan kotun alƙali a Gaya. Na ma'aikatar jin daɗin jama'a ne, amma kowa Walfiya yake ce masa. Kadijatu ce kaɗai mace a ciki. Ta dawo daga kwas a Kaduna shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, yau shekara biyu ke nan. Aikinta shi ne idan mata da miji suka samu saɓani, alƙali ya turo mata su, ta zauna da kowa shi kaɗai, ta saurara, ta gwada gyara, sannan ta rubuta abin da ta gani ta miƙa wa kotu.

Ita kuwa Gwaggo Barira ƙanwar mahaifin Abdulsalam ce. Tun da yayanta ya rasu, duk wata magana mai nauyi ta gidansu na Balan, ita ake ɗora wa.

"Ni ba ƙara na kawo ba, 'yar nan," in ji ta. "Saƙo na kawo. Takardar nan da za ki kai wa alƙali ranar Litinin, ki rubuta an sasanta. Ai bai fi ƙarfin bironki ba."

Kadijatu ta dubi fayil ɗin da ke gabanta. Na Maiwada ne, yayan Abdulsalam uwa ɗaya uba ɗaya, mai sayen gyaɗa a Balan, da matarsa Hure, Bafulatanar Gafasa. Wata guda da ya wuce aka kawo Hure asibiti da hannu a karye, aka ce wai a bakin rijiya ta zame. Malamin asibitin ya duba bayanta ya ce shi bai taɓa ganin rijiya mai yatsu ba. Daga nan magana ta kai gaban alƙali, Hure kuma ta wuce gidansu yaji.

Tun ranar farko Kadijatu ta rubuta wa shugabanta a Kano a ɗauke mata aikin, don gidan surukanta ne. Amsar da ta zo layi biyu ce: babu wata mace a ofishin sai ita, Hure kuwa ba za ta buɗe baki gaban namiji ba.

"Gwaggo, ai ban gama zama da su ba."

"Zaman me kuma? An je biko. An kai goro, an kai turmin atamfa sabo dal. Bappanta ya tambaye ta gaban dattawa ko za ta koma ɗakinta, ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Shirun mace ai yarda ce, ko a Kadunan an canja?"

"Ni dai ban ji daga bakinta ba."

Gwaggo Barira ta tattare mayafinta ta miƙe. Sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"To bari in faɗa miki da Hausa. Gidan da kike shirin shiga amarya, shi kike shirin tona wa asiri gaban alƙali. Ba a haɗa biyun nan. Ki zaɓi ɗaya kafin Litinin."

Ta fice ko sallama babu.

Ran Kadijatu ya ɓaci. Wai ita za a yi wa barazana da Abdulsalam? Ita da ta sha wuya a kansa irin wadda babu wanda ya sha a gidansu? Shekara biyu mahaifinta, Malam Ɗantani, yana cewa a'a. Bai taɓa kawo dalili ba, sai dai ya ce, "Gidan nan ban yarda da hannunsu ba." Ta yi kuka, ta ƙi abinci, ta kori manema uku, har da wani akawu mai mota daga Wudil. Tana cewa ai Abdulsalam ba irinsu ba ne. Malamin firamare ne wanda ko bulala ba ya riƙewa a aji, kowa a Gaya ya shaida. Da ƙyar da jiɓin goshi Baba ya sakko, shi ma ba don ya so ba.

Tana son Abdulsalam, so na gaske. Wannan shi ya sa maganar Gwaggo ta yi mata zafi.

Washegari Alhamis Landirobar ofis ta sauke ta a Gafasa da hantsi.

Zamanta na uku ke nan da Hure. Biyun farko duk asarar mai aka yi, don Bappa, ƙanin mahaifin Hure wanda ya riƙe ta, shimfiɗa buzunsa yake a bakin ƙofar ɗakin, wai yana jan carbi. Duk tambayar da aka yi, amsa ɗaya ce, "Ba komai." Yau kuwa Kadijatu ta yi wa kanta dabara, ta zo a ranar da ta san ya kai shanu allura.

Hure na zaune a kan tabarma, hannun hagu a ɗaure da karan ɗori. Doguwa ce siririya, ba za ta wuce shekara ashirin da shida ba.

Kadijatu ba ta ce mata "ya dake ki?" ba. Ta san yadda aka raini irin su Hure. Sunan miji ma ba sa kamawa, balle su kai ƙararsa. Sai ta yi ta jan ta da hira, yaya hannu, yaya barci, wa ke yi mata kitso. Amsa na zuwa guntu-guntu. Har ta fara fid da rai, sai idonta ya faɗa kan turmin atamfa a saman adudu, mai ruwan ganye, takardar kanti na jikinsa.

"Wannan ce atamfar bikon? Ta yi kyau. Ba za ki kai ɗinki ba?"

"Ba na ɗinka su."

"Su?"

Hure ta daɗe tana kallon ƙofa. Sannan ta ja jiki, ta buɗe adudun da hannu ɗaya, ta fara fitarwa tana jerawa a kan tabarma. Turame shida, kowanne a naɗe yadda ya fito daga kanti. Ta ɗora mai ruwan ganyen a ƙarshe, suka zama bakwai.

Ta ɗora yatsa a kan na farko.

"Wannan na ranar da gishiri ya yi yawa a miya ne. Watanmu biyu da aure."

Ta matsa gaba.

"Wannan na daɗe a rijiya. Wannan na gaida ɗan baffana a hanya. Wannan na shekarar fari ne, da gyaɗa ta ƙi. Har yau ban san laifina a ciki ba."

Da ta zo kan na biyar, mai ruwan hoda, sai ta janye hannunta.

"Wannan ciki ne, wata huɗu."

Kadijatu ta ƙura wa turmin ido. Biro na hannunta amma ta kasa rubutu.

"Kowane lokaci in na taho gida," in ji Hure, murya a kwance kamar labarin wata take bayarwa, "kwana uku sai a zo da goro da turmi. Bappa ya ce kin gani, mutumin nan ya san darajarki. Matan Balan cewa suke na yi dacen miji, babu mai zannuwa irin nawa. Har roƙona suke in ara musu ranar biki."

"Me ya sa ba ki taɓa ɗaurawa ba?"

"Malama, ke za ki iya?"

Hure ta mayar da idonta kan adudun.

"Da aka kawo ni daga asibiti, adudun nan kaɗai na ce a ɗauko mini daga ɗakina. Don wani lokacin in kowa ya ce babu abin da ya faru, har ni ma sai in fara shakka. Sai in buɗe in ƙirga."

"Hure, zan yi miki tambaya. Babu Bappa, babu dattawa, daga ni sai ke sai Allah. Kina so ki koma?"

Hawaye suka zubo wa Hure, ba ta share ba.

"Sau bakwai ana yi mini tambayar nan, amma kullum a inda ba zan iya amsawa ba. In na ce a'a gaban Bappa da surukai, na zubar masa da mutunci. Sai in yi shiru, su ce na yarda."

"Yanzu fa?"

"Ba na so. Wallahi ba na so. In na koma, na takwas fari za a sayo mini."

Kadijatu ta hau mota ta kamo hanyar Gaya. Haushi take ji, na Maiwada, na Bappa, na matan Balan masu aron zani, har da na kanta da ta ɓata sati biyu tana tambayar mace gaban mai gadinta.

Ranar Juma'a da safe Maiwada ya zo zamansa na ƙarshe. Ƙato ne mai fara'a, irin wanda in ka gan shi a kasuwa za ka ce ga mutumin kirki. Ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

A zaman da ya wuce ta ba shi aiki ƙarami. Ya zauna ya tuna abin da yake ji a jikinsa kafin hannu ya tashi, don a san inda za a tare shi. In ya ji ta taso, ya fita, ya yi alwala, ya zaga gona ya dawo.

"Malam Maiwada, ka yi tunanin da na ce?"

Ya yi dariya. "Amaryarmu, ni ina da lokacin zama tunani? Zuciya ce. In ta taso ba na gani, ba na ji. Haka Allah ya yi ni."

"A nan Malama nake. Sau nawa ka taɓa ta?"

"Wa yake ƙirgawa? Amma ki rubuta wannan, ko sau ɗaya ban taɓa barinta haka ba. Kowane lokaci sai na kai turmi, kuma ba ƙarami ba. Ki tambaya."

"Na gani. A kasuwar gyaɗa ana ɓata maka rai?"

"Kullum. Jiya ma wani ya zage ni tas a kan awo."

"Ka mare shi?"

"Ina hauka? In mari mutum a kasuwa a ɗaure ni?"

"Ashe kana gani, kana kuma ji. Ashe hannun yana riƙuwa. Sai a kan Hure ne yake kuɓucewa."

Fara'ar ta ɗauke daga fuskarsa kamar an share da tsumma.

Duk da haka ta shimfiɗa masa hanya, don aikinta ne. Hure ta zauna a Gafasa wata uku, ba biko, ba aike. Shi kuma ya riƙa zuwa duk sati su zauna, da ita da limamin unguwarsu in ya fi so. Bayan wata ukun a sake tambayar Hure ita kaɗai, abin da ta ce shi ke nan.

Maiwada ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Yarinyar da nan da kwana ashirin za ta durƙusa ta gaishe ni a tsakar gidanmu, ita ce za ta sa ni makarantar zaman aure? Ki rubuta abin da za ki rubuta. Sai dai ki sani, ƙanina ba ya ƙetare maganata."

Ranar Asabar bayan la'asar ta ji ƙarar babur a ƙofar gida. Ko cikin babura ɗari ta san na Abdulsalam. Ta yafa gyale ta fito zaure, zuciyarta na cewa ga wanda zai fahimce ta ya zo.

Ya rame. Idonsa ya yi ja. Ko gaisuwar ba su gama ba ya ce, "Dija, me kike so ki yi mana?"

"Me na yi, Malam?"

"Kwana uku gidanmu ba a ci abinci da daɗi ba. Innarmu kuka take. Yaya ya rantse in takardar nan ta shiga kotu, ba zai karɓa mini aurenki ba, kuma babu wanda zai taka ƙofar gidan nan. Shi ne waliyyina, Dija. Shi ya biya mini makaranta tun daga aji ɗaya."

"Na sani."

"To ki taimake ni. Ba ƙarya na ce ki yi ba. Ki ce ana kan sasantawa, shi ke nan. In an yi bikinmu, ni da kaina zan zaunar da shi."

"Kafin nan an mayar da ita."

"Ai ba yau ta fara komawa ba."

Kadijatu ta ɗago ta dube shi sosai.

"Ashe ka sani."

Ya kau da kai.

"Ɗakinka na jikin nasu, Malam. Shekara takwas. Ranar da cikinta ya zube kana ina?"

"Ba a shiga tsakanin mata da miji."

"Kana ji ke nan. Kana kwance kana ji."

"Dija, ya isa."

"Bai isa ba. Ni na tsaya gaban Baba na ce kai ba irinsu ba ne. Na yi rantsuwa a kanka. Na ce mutumin da ba ya iya dukan ɗan aji biyu ba zai ga ana zalunci ya yi shiru ba." Kuka ya ci ƙarfinta, amma ba ta tsaya ba. "Turmi bakwai na gani da idona. Wa yake raka shi kanti? Kai ne mai karatu, kai kake zaɓo masa mai kyau?"

"Na ce ki yi shiru."

"Ka ba ni amsa. A babur ɗin nan aka kai na bakwai ko ba a kansa ba?"

Ba ta ga tahowar hannun ba. Ƙarar kawai ta ji, sai zauren ya juya, gyalenta ya zame, kunnenta na hagu ya ɗauki kuwwa. Ta dafa bango.

Abdulsalam ya tsaya yana kallon tafin hannunsa kamar na aro ne. Bakinsa na motsi. "Innalillahi. Dija. Dija, wallahi ban san..."

Ba ta yi ihu ba. Ta sunkuya ta ɗauki gyalenta, ta shige gida, ta bar shi yana kiran sunanta.

Kafin hantsin Lahadi Gwaggo Barira ta yi sallama. Yau da fara'arta ta zo, har da tsokanar Innar Kadijatu. Ta zauna a tsakar gida, ta kwance ƙunshi. Goro ne fari manya-manya. A ƙarƙashinsu turmin atamfa, shuɗi mai zanen tsuntsaye, takardar kanti na jiki.



"Yaron nan bai runtsa ba," in ji Gwaggo. "Tun asuba ya je ya tayar da mai kanti. Sharrin shaiɗan ne, 'yar nan, kuma kin san namiji. Amma mu gidanmu ba a ɓata wa mace a bar ta haka. Tun zamanin yayana haka muke yi. Uwarsu ma je ki ga akwatinta, goma sha ɗaya ta tara, ga ta nan daram a ɗakinta har ya koma ga Allah."

Da alfahari ta faɗa, wallahi. Kamar mai lissafin gonakin gado.

Malam Ɗantani na zaune a bakin turakarsa, ya ji komai. Ya dubi kumatun 'yarsa da ya tasa, ya dubi turmin. Jijiyar wuyansa ta miƙe, amma muryarsa ba ta tashi ba.

"Shekara shida ina malamin gona a Balan, katangarmu ɗaya da ubansu," ya ce. "Abin da na kasa faɗa miki ke nan, Kadijatu, don mutumin ya mutu, ba na son tona shi. Na yi kuskure da na yi shiru. Yanzu ba zan ce ki karɓa ba, ba zan ce ki mayar ba. Wancan karon na hana kin ƙi hanuwa. Ke ce mai auna auren mutane, ki auna naki."

Gwaggo ta yi kamar ba ta ji ba. Ta zaro wata takarda daga cikin naɗin turmin ta miƙa wa Kadijatu, ta yi sallama ta tafi.

Rubutunsa ne, mai kyan nan da take ajiye wasiƙunsa saboda shi.

"Dija, na tsaya gaban Yaya na faɗa masa ko da shi ko babu shi sai na aure ki. Kawunmu zai karɓa mini auren. Ki rubuta gaskiya, ki kai wa alƙali, ba zan hana ki ba. Abu ɗaya nake roƙo, ki karɓi wannan ki yafe mini. Ban taɓa yi ba, ba zan sake ba. In kika bar ni ban san yadda zan yi ba."

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta yi kuka mai isarta.

Abin haushin shi ne, ga duk abin da ta roƙa an ba ta. Rahotonta zai shiga yadda yake. Aurenta na nan. Ya bijire wa yayansa saboda ita, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Turmi ɗaya kawai za ta karɓa. Kuma ai ita ma ta matsa masa, ta faɗi magana mai zafi. Kuma sau ɗaya ne. Ta san waɗannan kalmomin sarai, a bencin ofishinta take jin su kowane mako daga bakin mata masu kumburarren ido. Ba ta taɓa sanin haka suke da daɗin faɗa ba sai yau.

Da yamma ta zauna ta rubuta rahoton Hure, shafi huɗu, ba ta rage komai ba. Wannan bai ba ta wuya ba. Turmin ne ta saka a akwati ta fitar, ta saka ta fitar. Da gari ya waye ta cusa shi a jakarta tare da fayil, ita kanta ba ta san me za ta yi da shi ba.

Harabar kotu ta cika ranar Litinin. Maiwada da dattawan Balan a gindin darbejiya. Bappa can gefe da sandarsa, fuska a murtuke. Abdulsalam na tsaye jikin babur ɗinsa kusa da ƙofa, da ya hango ta ya sunkuyar da kai.

Hure na zaune ita kaɗai a barandar ofis, adudunta a gefe. Kadijatu ta shigar da ita ciki don ta karanta mata abin da ta rubuta kafin a kira su. Ta buɗe jaka za ta zaro fayil, sai gefen shuɗin turmin ya leƙo.

Hure ta dube shi. Ta ɗaga ido ta dubi kumatun da Kadijatu ta yi ta rufewa da gyale tun safe. Ba ta yi mamaki ba, wannan ya fi komai ciwo.

"Malama, ke ma?"

"Ba irin naki ba ne," in ji Kadijatu da sauri. "Sau ɗaya ne. Ya yi nadama, har kuka ya yi."

"Shi ma ya yi kuka a na farko. Har ƙafata ya riƙe."



Hure ta miƙa hannunta mai lafiya ta shafa turmin, a hankali, yadda ta shafa nata a Gafasa.

"Jiya na kwana ina tunanin inda na yi kuskure," ta ce. "Ba a na biyar ba ne, ba a na bakwai ba. Ranar da aka kawo na farko, da na ce a mayar, da shi ke nan. Sai na ce ai ba zan ɗaura ba, ajiyewa kawai zan yi. Kada ki ajiye shi, Malama. In ya samu wuri a akwati, 'yan'uwansa na tafe."

Kadijatu ta jawo jakarta. Sannan ta zaro turmin gaba ɗaya, ta riƙe shi a fili, ta fita.

Kowa a harabar ya juyo yana kallonta. Ta ratsa ta gaban dattawan Balan, ta gaban Gwaggo Barira da ta fara murmushi tana zaton godiya aka zo yi. Ta sauke gyalen daga kumatunta don kowa ya gani. Ta isa wurin babur ɗin, ta ɗora turmin a kan sirdi, ta ɗora wasiƙarsa a sama.

"Dija," ya ce. "Don girman Allah. Kwana goma sha shida ya rage. Na bar Yaya saboda ke."

"Ka bar shi, amma ka tafi kantin da yake zuwa."

"To me zan yi? Haka na ga ana ba da haƙuri. Ban san wata hanya ba."

"Na sani, Malam. Shi ya sa."

Hawaye na zuba a idonta, kuma ba ta ɓoye ba, don har a lokacin tana sonsa, kuma ta san gobe ma za ta tashi da son.

"Sau ɗaya ne, Dija."

"Hure ma da ɗaya ta fara."

Masinjan kotu ya leƙo ya kira sunan Maiwada da Hure, ya ce alƙali na jiran Malamar Walfiya.

Kadijatu ta share fuskarta da bakin gyale. Ta koma baranda ta ɗora adudun Hure a kanta, don mai hannu ɗaya ba za ta iya ɗauka ba, ta riƙe fayil a ɗaya hannun. Suka shiga tare.